Tambayoyi da Amsoshi Kan Barbaɗa Ruɓaɓɓen Taki a Filin Ciyawa a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa masu aikin fulawa, da masu gadin da aka haɗa musu da kula da ciyawa a gidajen Ikoyi, Lekki da Ikeja, da kuma masu ɗan fili a gidajensu na Agege ko Ikorodu. Yawancinmu da gona muka tashi, mun san taki tun muna yara, amma ƙasar Legas da ruwanta da ciyawar ado suna da nasu hali. An fara da tambayoyi masu sauƙi.

1. Mene ne barbaɗa taki a kan ciyawa? Ba daidai yake da kai taki gona ba?

A gona da rani ake kai taki, a zube shi tsibi-tsibi, a baje, idan ruwa ya sauka garma ko fartanya ta juya shi cikin ƙasa. Watanni yake yi yana jiran shuka. Filin ciyawa kuwa ba a nome shi, kuma shukar tana nan da ranta lokacin da takin zai sauka a kanta. Don haka ake barbaɗa shi siriri a sama, a share shi ya faɗa tsakanin ganye, sai ruwa da tana da ƙananan halittun ƙasa su ja shi ciki a hankali.

Wannan bambanci ne ya haifi sharuɗɗa uku da za su yi ta dawowa a amsoshin nan: takin ya zama ya ruɓe sarai, ya zama kaɗan, kuma a zuba shi lokacin da ciyawar ke cikin girma.

2. Ciyawar gidanmu kore ce. Me zai sa in ɗora wa kaina wannan aiki?

Ɗauki wuƙa ka yanko ɗan yanki na ciyawar har da ƙasarsa, zurfin tafin hannu, ka duba. A Lekki, Victoria Island da sauran wuraren da aka cike da yashin lagun, wato tafkin Legas, abin da za ka tarar shi ne baƙar ƙasa 'yar siririya a sama, ƙarƙashinta farin yashi zalla. Ka ba da ruwa da safe, kafin azahar ya zurare. A ɓangaren Ikeja da Agege jar ƙasa ce, wadda tifofi da magina suka tattake lokacin gini, sau da yawa da ɓaraguzan bulo da siminti a binne. Can ruwa kwanciya yake yi a sama, saiwa kuma ta kasa nutsawa.

Ƙari a kan haka, ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma yana wanke abincin shuka ya yi ƙasa da shi. Sannan duk askin da aka yi ana kwashe ciyawar a zuba a leda, motar shara ta tafi da ita bola. Ana ta ɗiba ke nan ba a mayarwa. Ruɓaɓɓen taki, wanda wasu ke kira kwamfos, yana sa yashi ya riƙe danshi, yana kuma sassauta jar ƙasa iska ta shiga. Koren da kake gani yau wataƙila takin zamani ne ke riƙe da shi. Duba amsa ta 3.

3. To takin zamani bai wadatar ba?

Yana da amfaninsa. Buhun NPK 15-15-15 ko yuriya mai kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye kore, zai sa ciyawa ta yi shar cikin mako guda zuwa biyu. Ruɓaɓɓen taki ba ya haka: naitirojin ɗinsa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, shi ma kaɗan-kaɗan yake sakinsa. Takin zamani shayin safe ne, ruɓaɓɓen taki kuwa tuwon dare. Sai dai takin zamani ba ya gyara jikin ƙasa ko kaɗan, kuma a kan yashin Lekki ruwan sama biyu masu ƙarfi sun isa su tafi da mafi yawansa. Idan ƙasa ta samu ruɓaɓɓen taki, ta fi riƙe ɗan takin zamanin da aka zuba mata, sai ka ga buhu ya fi daɗewa. A ganina, wanda kuɗinsa ba su kai ya yi duka biyun ba, ya fara da gyaran ƙasa.

4. Ina iya samun kashin shanu a mahautar Oko-Oba ko kasuwar shanu ta Kara kusan kyauta. In kwaso in zuba?

Kwaso, amma kada ka zuba. Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo wa 'yan'uwa asara, har wani ya rasa aikinsa a kanta. Ɗanyen kashi yana da gishiri da iskar amoniya mai ƙona ganye. Idan ya bushe a kan ciyawa sai ya yi ɓawo, ruwa ya kasa ratsawa, abin da ke ƙarƙashi ya mutu. Ƙwayar ciyayin da saniya ta ci ba duka cikinta ke narkarwa ba, don haka bayan mako uku za ka ga baƙin ciyayi sun tsiro a filin da ka sha wahalar tsabtacewa. Ga ƙudaje, ga ƙwayoyin cuta a wurin da yara ke birgima. Kashin kaji da ake samu a gonakin Ikorodu da Epe ya fi na shanu zafi nesa ba kusa ba.

Akwai kuskuren da ake yawan yi: mutum ya ga kashi ya bushe ƙayau, ba wari, ya ɗauka ya nuna. Bushewa daban, ruɓewa daban. Busasshen kashi da zarar ya sha ruwan Legas zai farfaɗo, wari ya tashi, zafinsa ya dawo.

Abin yi shi ne a haɗa shi da busasshen ganye a tara, a bar shi ya ruɓe yadda aka bayyana a amsa ta 11. Kashin raguna da ke taruwa a gidaje da kasuwannin dabbobi bayan Babbar Sallah yana da kyau ƙwarai a irin wannan haɗi.

5. Yaya zan gane taki ya nuna, musamman idan saya zan yi?

Ka sa hannu, kada ka tsaya ga kallon buhu. Takin da ya nuna baƙi-baƙi ne, yana warwatsewa a hannu, ƙamshinsa irin na ƙasa bayan ruwan fari. Ba ka iya gane wannan ganye ne, wancan kashi ne. Tura hannu tsakiyar buhun: idan da ɗumi, bai gama ba. Idan ya bugi hanci da warin fitsari ko tsami, bar shi.

Idan kana da lokaci, gwaji biyu ne masu sauƙi. Ɗebi ɗan danshinsa ka ƙulle a leda kwana uku. Idan ka buɗe ka ji ɗoyi, da saura. Na biyu, cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya rabi ƙasa rabi taki, ka shuka wake biyar-biyar. Idan na takin ya ƙi fitowa, ko ya fito a murɗe da rawayan ganye, kada ya taɓa ciyawarka. Wannan gwaji zai kuma nuna maka yawan ciyayin da ke ɓoye a ciki.

Masu sayar da fulawa a bakin titi, a Ikoyi da Ikeja da hanyar Lekki zuwa Epe, suna sayar da taki a buhu, amma sunan ɗaya ne, kayan daban-daban. Wani ruɓaɓɓe ne na gaske, wani ƙasar bola ce aka tankaɗe. Idan ka ga fasassun kwalabe, leda ko guntun batir a ciki, ƙasar bola ce, kuma ba ta dace da wurin wasan yara ba.

6. Wane wata ya fi dacewa a Legas?

Damina biyu ce a nan. Ruwa yana kankama wajen Afrilu, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a Yuni zuwa farkon Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Lokaci mafi kyau shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, bayan an yi ruwa biyu ko uku ciyawa ta farka. Na biyu shi ne ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba.

Kada ka barbaɗa a Yuni. Ruwan da ake yi kamar da bakin ƙwarya zai kwashe takin ya kai kwata, ka yi asarar kuɗi, ka kuma toshe magudanar ruwan layinku. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ciyawa ba ta girma sosai, takin zai zauna a sama ya bushe, sai fa gidan da ake ban ruwa a kai a kai.

7. Kauri nawa, kuma buhu nawa zan nema?

Rabin santimita zuwa santimita 1, wato bai kai kaurin ɗan ƙaramin yatsanka ba. Alamar da ba ta ƙarya: bayan ka gama, ganyen ciyawa ne ya kamata ya rinjayi ido, takin yana leƙowa daga ƙasa. Idan filin ya koma baƙi, ka yi yawa.

Lissafin ba wuya. Murabba'in mita ɗaya a kaurin santimita 1 yana cin lita 10. Bokitin fenti mai lita 20 ke nan zai rufe murabba'in mita 2, ko 4 idan rabin santimita za ka yi. Filin da ke da mita 10 tsawo da mita 10 faɗi zai ci bokiti 25 a rabin santimita, bokiti 50 a santimita 1. Idan ba ka da tef, babban taku ɗaya ya yi kusa da mita. Buhuna ba girmansu ɗaya ba, don haka juye guda a bokiti ka ga nawa ya bayar kafin ka yi ciniki, haka ma baro.

8. Yaya ake aikin daga farko zuwa ƙarshe?

Kwana ɗaya ko biyu kafin nan, aske ciyawar ta ɗan fi yadda ka saba gajarta, amma kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta. Kwashe abin da aka aske. Bi filin da manjagara da ɗan ƙarfi ka yago matacciyar ciyawar da ta yi katifa a gindi, domin idan ka bar ta, a kanta takin zai zauna bai taɓa ƙasa ba. Tumɓuke aya-aya da tofa tun yanzu, har da saiwarsu, don su ma taki suke jira. Idan ƙasar ta yi tauri, nan ne wurin huda ta (amsa ta 9).

Tankaɗe takin da rariyar magina mai faɗin ido, dunƙulen da ya rage ka mayar tsibi. Zaɓi ranar da ganye ya bushe, bayan raɓa ta ɗauke, kuma takin ya zama da ɗan danshi kawai, don jiƙaƙƙe mannewa yake yi, busasshe kuma ƙura. Ajiye shi ƙananan tsibi nan da can, ka watsa da shebur, ka baje da bayan manjagara. Daga nan ɗauki tsintsiyar kwakwa ka share gaba da baya har ganye ya ɗago kai. Wannan sharar ita ce rabin aikin, kuma ita aka fi yi wa ha'inci idan rana ta yi zafi. Kada ka bar tsibi ya kwana a kan ciyawa, zai bar tabo rawaya.

A ƙarshe ba da ruwa a hankali, ka sa yatsa a bakin tiyo ya fita kamar yayyafi. A bar filin ya huta kwanaki, kada injin aski ya hau sai bayan mako guda.

9. Dole ne sai an huda ƙasa?

A yashi ba dole ba ne. A jar ƙasa, da inda ake yawan takawa ko ajiye mota, yana da muhimmanci. Gwada da sukundireba bayan ruwa: idan ta ƙi shiga sai da ƙarfi, ƙasar ta danne. Soka cokalin lambu mai yatsu zurfin santimita 8 zuwa 10, ka ɗan girgiza, ka matsa tazarar tafin hannu ka sake. Idan aka share taki ya cika waɗannan ramuka, ya isa wurin saiwa kai tsaye. Tambayi maigida inda bututun ruwa da wayar fitilun lambu suka bi kafin ka fara.

10. Filin yana da kwari da tudu. Taki zai daidaita shi, ko in sayi tifar baƙar ƙasa?

Taki kaɗai ba ya cike kwari, domin yana ci gaba da ruɓewa yana raguwa, bayan wata shida kwarin ya dawo. Haɗa shi da yashi ko ƙasa irin ta filin, rabi da rabi, ka riƙa zuba santimita 1 zuwa 2, ka jira ciyawa ta huda ta fito, ka ƙara. Idan kwarin ya yi zurfi, yanka ciyawar da shebur ka naɗe ta gefe, ka cike ƙarƙashi, ka mayar ka danna. Yashin bakin teku yana da gishiri, kada a yi amfani da shi.

Baƙar ƙasar tifa kuwa, baƙinta ba shaida ba ne. Sau da yawa daga fadama ake haƙo ta, laka ce mai ƙanƙancewa idan ta bushe, kuma ita ce babbar hanyar da aya-aya ke shiga gidaje. Idan ba makawa sai ka saya, yi mata gwajin gwangwani na amsa ta 5.

11. Zan iya haɗa nawa a gida?

Ƙwarai, kuma shi ya fi, don ka san abin da ke ciki. Amma kada ka haƙa rami yadda ake yi a Arewa. Can rami yana tsare danshi. A nan, musamman a tsibiri da Lekki inda ruwa ke kusa, ramin zai cika da ruwa, kayan su yi ɗoyi maimakon su ruɓe. Tara shi a sama, a wuri mai ɗan tudu bayan gida, ka shimfiɗa ƙirare a ƙasa, ka rufe da tsohon kwano ko tamfol saboda ruwa.

Busassun kaya kashi biyu zuwa uku, ɗanyu kashi ɗaya. Busassu su ne ganyen mangwaro da sauran itatuwa da ake sharewa kullum, da yagaggen kwali. Ɗanyu su ne ciyawar da ka aske, ɓawon doya da ayaba, ragowar ganye daga kicin, da kashin dabbobi. Wanda ke da ɗan'uwa a kasuwar Mile 12 ba zai rasa ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji ba. Tsibin ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, in ba haka ba ba zai yi zafi ba. Danshinsa: idan ka matse a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito.

Soka rodi a tsakiya ka bar shi. Bayan kwana uku zuwa biyar ka zaro: idan ya yi zafin da ba ka iya riƙewa da daɗewa, aiki na tafiya. Zafin digiri 55 zuwa sama na kwanaki shi ke kashe ƙwayar ciyayi da ƙwayoyin cuta. Juya shi duk mako ɗaya ko biyu, na gefe ya koma tsakiya. A zafin Legas wata 2 zuwa 4 ya isa. Kada ka sa nama, kifi, mai, kashin kare ko kyanwa, 'ya'yan aya-aya, ko ciyawar da aka yi wa feshin maganin ciyawa kwanan nan.

12. Garin katako, toka da kainuwa fa?

Garin katako, irin wanda a da aka san kasuwar katako ta Oko Baba da shi a Ebute Metta, kada ya hau ciyawa ɗanye. Halittun da ke ruɓar da shi suna janye naitirojin daga ƙasa, ciyawa ta yi rawaya, kuma gara na sonsa. A tsibi yana da amfani idan an haɗa shi da kashin kaji, sai dai ya fi ganye daɗewa. Tokar itace ɗan kaɗan ake yayyafawa, ba a jibgawa. Kainuwar da ke rufe lagun, wadda ta shigo ruwayen Legas a 1984 ta wajen Badagry, tana ruɓewa da kyau, amma kusan duk jikinta ruwa ne, a shanya ta tukuna. Wadda ta fito daga kwatar da masana'antu ke zuba ruwa a bar ta, don tana zuƙar dattin ruwan.

13. Hajiya ta ce ba ta son wari da ƙudaje, kuma yara na wasa a wurin. Me zan ce mata?

Tana da gaskiya, kuma hujja ta fi dogon bayani. Kai mata ɗan taki a kwano ta shinshina da kanta. Ka ce, "Hajiya, a ba ni wancan lungun na bayan gida in gwada, bayan wata ɗaya a kwatanta." Takin da ya nuna ba ya wari, ba ya kiran ƙuda. Yara su dakata kwana biyu zuwa uku har an ba da ruwa ya nutse. Kai ma sa safar hannu da takalmi, ka wanke hannu da sabulu, musamman idan kana da rauni, saboda cutar tetanus daga ƙasa da kashin dabbobi take shiga.

Idan laimar kwaɗi ta tsiro bayan ruwa, ba cuta ba ce ga ciyawa. A tsince ta a zubar kada yara su kai baki. Gwazarmar da ka gani a tsibi, rariya za ta tare ta, kaji su samu.

14. Kowace irin ciyawa ake yi wa haka?

Duk waɗanda aka saba shukawa a nan suna karɓa. Ƙiri-ƙiri, wadda masu fulawa ke kira Bahama, tana saurin huda taki ta fito. Mai faɗin ganye da ake kira kafet, mai son inuwa da danshi, tana yaɗo ne a saman ƙasa, don haka a tsaya mata a rabin santimita. Sabuwar shuka a jira ta kama ƙasa, an aske ta sau biyu ko uku.

15. Sau nawa a shekara, kuma yaushe zan ga canji?

Ƙasa mai yashi ko wadda ta gaji, sau biyu a shekara a lokutan da aka ambata a amsa ta 6. Idan ta farfaɗo, sau ɗaya ya isa. Launi yakan gyaru cikin mako uku zuwa huɗu, amma canjin gaske sai rani: za ka ga filin ya fi jure kwanakin da ba a ba shi ruwa ba, tana kuma ta fara barin tsibin kashinta da safe.

Akwai abin da taki ba ya magani. Ciyawar da ke ƙarƙashin inuwa mai duhu rana take nema. Filin da ruwa ke kwana a kai magudana yake buƙata. Idan ruwan rijiyar burtsatsen gidan na da gishiri, kamar yadda ake samu a wasu sassan Lekki, taki zai rage wahalar ne kawai.

16. Na barbaɗa, bayan mako guda ciyawar ta yi rawaya. Me ya faru?

Duba yanayin rawayar. Idan tabo-tabo ce inda takin ya taru, kauri ne ya yi yawa: bi da manjagara da tsintsiya ka baje, ka kwashe rarar. Idan bakin ganye ya ƙone kamar an babbake, takin bai nuna ba ko gishirinsa ya yi yawa: kwashe abin da za ka iya, ka ba da ruwa mai yawa kwana uku a jere ya wanke. Idan filin duka ya yi fari-fari ba ƙuna, akwai garin katako ko busasshen ganyen da bai ruɓe ba a cikin takin (amsa ta 12). Ɗan yuriya kaɗan, kamar gram 10 a murabba'in mita, a bi shi da ruwa nan take, zai dawo da launin. Ja ciyawar da hannu: muddin saiwa na riƙe da ƙasa kuma gindin fari ne, za ta sake tohowa cikin mako biyu zuwa uku.